Hukuncin cire mahaifa ta gaba da jinin da ke biyo baya

Tambaya: Allah ya gafarta Malam, shekaruna 47, haihuwata takwas. Mahaifata ta zazzago, likita ya ce za a cire ta ta gaba ba tare da an farka ciki ba. Wata malama ta ce mini canza halittar Allah ne. Ya halatta? Jinin da zan gani bayan tiyata kuma zai hana ni salla?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba ki lafiya, 'yar'uwa.

Kafin komai, ki koma wurin likitan ki tambaye shi ko an gwada abin da ya fi sauƙi. Akwai zoben roba da ake saka wa mace ya tokare mahaifa, akwai kuma ɗinkin da ke gyara wurin a bar ta. Idan ya ce naki ya wuce nan, ga wahalar fitsari da gyambo, tiyatar ta halatta, babu laifi a kanki.

Maganar malamar kuwa ba daidai ba ce. Canza halittar da aka tsine wa mai yin sa shi ne wanda ake yi don ƙawa, shi ya sa hadisin ya ce "don neman kyau". Gaɓar da ta lalace tana cutar da mai ita hukuncinta daban. Wa ya taɓa cewa yanke ƙafar da ciwon suga ya ruɓar canza halitta ne? Idan ta ce ai ƙafa daban, mahaifa hanyar zuriya ce, sai mu ce gaskiya ne, kuma saboda haka ne Majalisar Fiƙihu ta Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta haramta kawar da ikon haihuwa gaba ɗaya. Amma matsayar ta keɓe halin larura. Wanda ya riƙe rabin hukunci ya bar rabi, ya tsoratar da mara lafiya, ya ji tsoron Allah. Mata da yawa na ɓoye wannan ciwo shekara da shekaru saboda kunya da irin waɗannan maganganu.

Batun jini ya rataya ne a kan abin da aka cire. Tiyatar da ake yi ta gaba, ko da hannu kawai aka yi ta ko an haɗa da na'urar leƙa ciki ta ƙananan huji, galibi tana ɗauke mahaifa har da bakinta. In haka ne, haila ta ƙare gare ki, ko da an bar miki ƙwayayen haihuwa. Jinin da za ki gani, wanda kan iya kai mako shida yana ɗigowa, jinin rauni ne. Ki wanke, ki yi ƙunzugu, ki yi salla, babu wanka a kanki. A mazhabar Malikiyya an so ki sabunta alwala ga kowace salla muddin yana zuba. Wadda aka bar wa bakin mahaifa, kamar yadda ake yi a wasu tiyatocin ciki, tana iya ganin ɗan jini duk wata a kwanakinta, ita tata fatawar daban.

In tsayuwa ko sujada na ja miki ɗinki, ki yi a zaune. In azumi ya riske ki kina shan magani, ki sha, ki rama.

Ga maigida: ka sani hani daga kusantarta na kimanin mako shida ba na haila ba ne, na cutarwa ne, domin saman farji aka ɗinke, yana iya ɓallewa. Ke kuma ki shawarce shi tun yanzu, ya ji daga bakin likita. Ki nemi likita mace, in babu, namiji ya halatta gwargwadon buƙata.

Rashin tabo a ciki kan yaudari mata su ɗauka sun warke. Ban yarda ki ɗauki bokitin ruwa, ko daka, ko goyon jika ba sai likita ya sallame ki. In kika ga jini da yawa, ko zazzaɓi, ko ruwa mai wari, asibiti za ki nufa, kada ki tsaya neman fatawa.

Wallahu a'alam.