Yadin da ba saƙa shi aka yi ba: audugarmu za ta iya?

Tambaya: Ina sayar da kayan jarirai a kasuwar Sabon Gari. Jiƙaƙƙen tsumman goge jarirai da muke sarowa daga waje yake zuwa, kuma a jikin ledar an rubuta auduga da reyon. Me zai hana a yi shi a Kano da audugarmu zalla?

Amsa: Alhaji, Allah ya sa albarka a kasuwa. Wannan yadi ba kaɗi ba saƙa. Inji ne ke shiɓe zaruruwan ya shimfiɗa su kamar tabarma, sannan a feso musu ruwa mai tsananin ƙarfi ta ƙananan huji, ruwan ya sarƙe su da juna su zama yadi. Daga nan sai busarwa da naɗewa.

Matsalar auduga zalla ita ce ɗanyarta, yadda ta fito daga gurza a Funtuwa ko Gusau, tana da kakin da ke korar ruwa. Jefa ta a bokiti ka ga yadda za ta yi ta yawo a sama. Sai an dafa ta da soda an faranta ta, wato an mai da ita fara, da sinadari kafin ta fara shan ruwa. Shi kuwa reyon daga itace ake samo shi, a narkar da shi a sake fitar da shi zare, tsawonsa ɗaya, ba datti, ya ma fi auduga riƙe danshi. Amma da ya jiƙe sai ƙarfinsa ya ragu sosai, ita kuma auduga ƙarfi take ƙarawa idan ta jiƙe. Dalilin haɗa su ke nan, kowa na rufa wa ɗan'uwansa asiri.

To, za a iya yi da auduga kaɗai, ana ma yi. Abin da ke damuna shi ne ruwa da wuta. Injin yana buƙatar ruwa tatacce ƙwarai, ɗan yashi kaɗan ya isa ya toshe hujin, kuma duk lokacin da aka ɗauke wuta yadin da ke kan layi ya lalace. Wanda ya san unguwannin masana'antu na Sharaɗa da Challawa ya san me janareta ke ci.

Shawarata, a fara da masana'antar wanke auduga da faranta ta. Asibitoci da masu yin audugar mata suna neman ta tun yanzu. Kai kuma za ka iya sayo manyan naɗin yadin, ka yanka, ka jiƙa, ka sa a leda, bayan ka yi rajista da NAFDAC.