Yaro Mai Lalura da Allurar Korona: Likita Ya Amsa Tambayoyin Iyaye

Tambayoyin da suka taru a wannan makon kusan duk hanya ɗaya suka bi. Iyaye ne masu 'ya'yan da ke fama da wata lalura mai daɗewa, suna son sanin ko allurar rigakafin korona ta dace da su. Na zaɓi shida, na taƙaita su, na cire sunaye.

Likita, 'yata shekararta 9, sikila ce. Duk lokacin sanyi sai an ba mu gado a asibiti. Kakarta ta ce jikinta ba zai ɗauki allurar korona ba, wai masu lafiya ma ta kayar da su balle ita. Hankalina ya kasu biyu. (Wata uwa daga Zariya)

Allah ya ba ta lafiya, ke kuma ya ba ki ladan jinya. Tausayi ne ya sa kaka ta faɗi haka, amma lissafin a juye yake. Lafiyayyen yaro idan korona ta kama shi, galibi mura ce da zazzaɓin 'yan kwanaki, ya warware ya koma wasa. Wanda ake yi wa fargaba shi ne irin 'yarki.

Ga dalili. Jajayen ƙwayoyin jinin mai sikila suna lanƙwashewa kamar lauje idan iskar oksijin ta ragu a jiki, ko zazzaɓi ya yi zafi, ko ruwan jiki ya yi ƙasa. Cutar da ta sauka a huhu tana iya haɗa waɗannan ukun a lokaci guda. Sai ƙwayoyin su toshe ƙananan hanyoyin jini na cikin huhun, yaro ya fara tari da ciwon ƙirji, numfashi ya koma sama-sama. Wannan rikicin ƙirji yana cikin manyan abubuwan da ke kashe masu sikila, kuma sau da yawa sai an haɗa da oksijin da ƙarin jini kafin a shawo kansa. Ga kuma saifa, wadda ke tace ƙwayoyin cuta daga jini: a yawancin masu sikila tun suna ƙanana take daina aiki yadda ya kamata.

Allurar da ake yi wa yara, ta Pfizer ko ta Moderna, babu ƙwayar cutar mai rai a cikinta. Saƙo ne take kai wa jiki ya ƙera wani ɗan sashe na fatar ƙwayar cutar, garkuwar jiki ta gan shi ta shaida shi, saƙon kuma ya narke cikin 'yan kwanaki. Ba za ta sa mata korona ba. Kuma ba awon manya ake yi wa yaro ba: ta Pfizer da Amurka ta amince da ita a Oktoban 2021 don 'yan shekara 5 zuwa 11, kashi ɗaya cikin uku ce ta abin da ake yi wa babba.

Don haka idan ta samu, ni ina ganin a yi mata, da sharuɗɗa. Kada a yi ranar da ciwon ƙashi ya tashi ko tana zazzaɓi. A bari ta warware. Ta sha ruwa sosai kafin allurar da bayanta. Ta ci gaba da magungunanta na kullum, su folik asid da maganin kariya daga maleriya, da haidiroksiyuriya idan tana kai. Damtse zai yi tsami, jiki zai iya yin ɗumi kwana ɗaya ko biyu, wani lokaci har da kaluluwa a hammata; farasitamol ya isa.

Abu ɗaya ne ba na son ki yi wasa da shi. Ki tanadi ma'aunin zafi a gida. Idan ya nuna 38.5 ko fiye, kada ki ce "ai allurar ce" ki ja mata bargo. Zazzaɓi a jikin sikila na asibiti ne a ranar, ko an yi allura ko ba a yi ba. Ki ja fatar idonta ta ƙasa ki duba, ki buɗe tafin hannunta. Idan sun yi fari fiye da yadda kika saba gani, ko kin taɓa ƙarƙashin haƙarƙarinta na hagu kin ji tauri, alamar saifa ta kumbura, ku kama hanya.

Ɗana yana da asma, yana amfani da inhela. Shi ma dole ne? (Wani uba daga Jos)

Malam, asma suna ta tara. Yaron da sai jefi-jefi take tasar masa, ya shaƙi inhela ta lafa, bai taɓa kwana a asibiti saboda ita ba, haɗarinsa bai yi nisa da na sauran yara ba. Wanda kuwa aka sha ba shi gado, ko ake yawan ba shi ƙwayar firednisolon kafin ƙirjin ya buɗe, shi ne zan ce a nema masa. Inhelar kariya da ake shaƙa kullum ba ta hana yin allura, kuma kada a dakatar da ita. Gaskiya ma, ga yawancin yaran da nake gani, a riƙa shaƙar ta kan lokaci a kuma raba su da hayaƙin icce da turaren wuta da maganin sauro na kunnawa ya fi komai yi musu amfani.

Likita, ka yi mana adalci. Wannan Pfizer ɗin ba su ne suka yi gwaji a kan yaranmu a Kano ba? Kuma na ji allurar tana kumbura zuciyar samari. Ɗana shekararsa 15, an haife shi da huji a zuciya. Ta yaya zan miƙa shi? (Wani uba daga Kano)

Su ne, Alhaji, kuma ba zan ce ka manta ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin ya gwada wani magani mai suna Trovan a Kano, a gwajin da ya haɗa da yara kimanin 200, wajen rabinsu aka ba shi. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a yi musu cikakken bayani ba, kamfanin ya ce sanƙarau ne ya kashe yaran. Aka yi ta shari'a har 2009, inda aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Wannan tabo yana cikin abin da ya sa aka ƙaurace wa rigakafin shan-inna a 2003, kuma mun ga abin da ya biyo baya: cutar ta sake bazuwa har ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Sai dai a duba bambancin. Trovan sabon magani ne da aka gwada a kan 'yan yara kaɗan cikin gaggawa. Allurar korona kuwa an yi wa miliyoyin yara a Amurka da Ingila da Faransa da Saudiyya, kuma hukumomin ƙasashe daban-daban suna bin sawun duk wata illa da ta ɓulla. Ta wannan bin sawun ne ma aka gano maganar zuciyar da ka ji.

Maganar gaskiya ce. A 2021 aka lura cewa wasu, musamman maza matasa daga shekara 12 zuwa wajen 29, suna samun kumburin tsokar zuciya bayan allurar, galibi bayan ta biyu, cikin makon farko. Ba kasafai yake faruwa ba, kuma mafi yawansu da hutu da ɗan magani suke warwarewa. An kuma gano cewa idan aka ba da tazarar mako 8 tsakanin ta farko da ta biyu, haɗarin yana raguwa. Abin da ba a cika faɗa a zaure ba shi ne, ita kanta korona tana kumbura zuciya. Akwai ma wani ciwo da likitocin Ingila suka fara bayyanawa a Afrilun 2020: makonni 2 zuwa 6 bayan yaro ya yi korona, sai zazzaɓi ya dawo, ido ya yi ja, ciki ya murɗa, zuciya ta raunana. Ya ragu sosai yanzu, amma ya nuna cewa ƙin allurar ma da nasa haɗarin.

Game da ɗanka, huji a zuciya ba ya cikin abin da ke hana allurar. Abin tambaya shi ne wane irin huji. Idan ƙarami ne, yana buga ƙwallo ba ya haki, ko an riga an yi aiki an toshe, babu gaggawa, kuma idan ka ce ba ka so ba zan ga laifinka ba. Idan kuwa leɓɓansa da faratansa suna yin shuɗi-shuɗi, ko yana shan maganin rage ruwa saboda zuciyar ta gaza, to amfanin allurar ya rinjayi haɗarinta nesa ba kusa ba. Ka zauna da likitan zuciyarsa, da hoton zuciyar na baya-bayan nan a gabanku. In an yi, ka sa ido mako guda: ciwon ƙirji, bugun zuciya da sauri ko haki, a kai shi a duba.

Muna zaune a Ingila. Ɗiyata mai shekara 6 tana da ciwon ƙodar da ke sa kumburi, tana shan firednisolon da wani maganin rage garkuwar jiki. An aiko mana takardar gayyata. A can baya an hana ta allurar ƙyanda, to me ya sa wannan aka ce ta zo? (Wata uwa daga Manchesta)

Hajiya, tambayarki ta mai lura ce. Allurar ƙyanda da ta shawara da ɗigon shan-inna ƙwayar cuta ce mai rai da aka raunana. Jikin da magani ya danne garkuwarsa zai iya kasa riƙe ta, shi ya sa aka ce ki jira. Ta korona ba mai rai ba ce. Matsalar ma a irin su 'yarki ita ce jikin ba ya amsa ta da ƙarfi, don haka ake ƙara musu allura fiye da sauran yara.

A Maris ɗin 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa mutane gida uku. Masu raunin garkuwa, har da jarirai daga wata 6, ta sa su a sahun gaba tare da tsofaffi da masu juna biyu. Yara masu wasu lalurori suna tsakiya, lafiyayyun yara suna ƙarshe. Ingila ma ta rage waɗanda take gayyata ƙwarai, amma ta bar yara masu raunin garkuwa a ciki. Takardar da kika samu ke nan.

Ki je, amma ki fara kiran sashen ƙodar su zaɓa miki lokaci, don ya fi kyau a yi sa'ad da ciwon ya lafa kuma an rage yawan maganin. Kada ki dakatar da ko ƙwaya ɗaya da kanki. Bayan allurar ki riƙa tsoma tsinken gwajin furotin a fitsarinta na safe na wasu kwanaki. Idan launin ya fara canzawa ko fatar idonta ta kumbura da safe, ki sanar da su. An samu 'yan rahotannin dawowar kumburi bayan allura, amma mura da zazzaɓi sun fi ta tayar da wannan ciwo. Shawarar nan ta shafi yara masu shan maganin daji da waɗanda aka yi wa dashen ƙoda. Yaro mai cuta mai karya garkuwar jiki shi ma ana yi masa.

Yarona yana da farfaɗiya. Allurar ba za ta tayar masa da ita ba? Kuma akwai kitsen alade a ciki? (Wata uwa daga Maraɗi)

Zazzaɓi kowane iri yana iya tayar da jijjiga, na allura ne ko na korona ko na maleriya, sai dai na allura ya fi sauƙi kuma kin san ranar da zai zo. Ya sha maganinsa kan lokaci, ya samu barci, ki ajiye farasitamol kusa. Idan farfaɗiyar ita kaɗai ce kuma magani ya riƙe ta, ba ya cikin masu babban haɗari. Idan tana tare da shanyewar jiki ko wahalar haɗiya, har abinci yana sarƙe shi, yana ciki, haka ma yara masu lalurar Down, wadda ake haihuwar yaro da ita take jinkirta girmansa da koyonsa. Batun alade kuwa, Pfizer da Moderna sun bayyana cewa babu shi a allurarsu, kuma Saudiyya ta sharɗanta rigakafin korona ga mahajjatan 2021 da 2022. Wanda aka hana shi ne yaron da ya taɓa yin mummunan borin jini, fuska ta kumbura numfashi ya toshe, bayan irin wannan allura ko wani sinadarin da ke cikinta. Don haka ake cewa a zauna minti 15 kafin a tafi gida.

Na zagaya asibitoci ban samu ta yara ba. 'Yata tana da ciwon suga, tana allurar insulin. Yaya zan yi? (Wani uba daga Sakkwato)

Ba kai kaɗai ba ne, Malam. Da Nijeriya ta fara rigakafin a Maris ɗin 2021, da allurar AstraZeneca ta fara, kuma 'yan shekara 18 zuwa sama aka kira. Tun da Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci a kan korona a ranar 5 ga Mayun 2023, samun ta ya ƙara wuya. Ka tambaya a asibitin koyarwa ko ofishin hukumar lafiya matakin farko ta jiha. Kada ka yarda wani mai kemis ya ce zai rage ta manya ya yi mata, kuma kada ka sayi wadda ba ka san yadda aka adana ta ba; allura ce da zafi ke lalatawa.

In ba ta samu ba, kada ka tayar da hankalinka. Yawancin yara sun riga sun gamu da korona ko ba a gwada su ba, kuma jikinsu ya samu wata kariya. Ka ɗauko katin rigakafinta ka duba ko akwai gurbin da ba a cike ba, musamman ƙyanda da mashaƙo da ciwon huhu. Mashaƙon da ya ɓarke a Kano da maƙwabtanta daga ƙarshen 2022 ya ci yara da yawa, kuma galibinsu ba su kammala allurar da ake yi kyauta ba. A wurina wannan gurbin ya fi gaggawa.

Ranar da ta kwanta rashin lafiya kuwa, kowace iri ce, kada a tsayar da insulin don ba ta cin abinci. Zazzaɓi yana ɗaga suga ko ciki babu komai. A riƙa gwada sugan kowane awa 3 zuwa 4, a ba ta ruwa kaɗan-kaɗan. Idan ta fara amai, ko numfashinta ya yi zurfi da sauri, ko barci ya yi mata nauyi har tana wuyar tashi, a kai ta asibiti a daren, kada a jira gari ya waye.