Ga mai son fara sayayya a Sin da miliyan biyar

Ƙanena, ka ce kana da miliyan biyar na sefa, kana so ka bar saro kaya a Babbar Kasuwa ta Yamai ka tafi Sin da kanka. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina wannan hanya, kuma abin da nake so ka fara lissafawa shi ne dawowar kayan, tun kafin kuɗin jirgi.

Sayen ba wuya. In ƙananan kaya kake so, kamar kwanuka, fitilu da kayan yara, ka nufi Yiwu. In tufafi ne ko wayoyi, Gwanzu ce, kuma a unguwar Xiaobei za ka tarar da ƴan uwa masu jin Hausa, har da gidajen tuwo. Baje kolin Kanton, babbar kasuwar baje koli ta Gwanzu, yana ci sau biyu a shekara, Afrilu da Oktoba. Kada ka ba da oda gab da sabuwar shekararsu, wajen Janairu ko Fabrairu, don masana'antu rufewa suke yi.

Matsalar tana Lome, tashar ruwan Togo inda ake sauke kayanmu. Tun bayan Yulin 2023 da iyakarmu da Benin ta rufe, kayan da muke ɗaukowa ta Kwatano da Gaya sun koma bi ta Togo da Burkina, ta Kaya da Dori zuwa Tera, kamyo-kamyo suna jiran rakiyar soja. Kwantenar da ta yi wajen wata biyu a teku tana iya sake kwashe makonni a ƙasa. Kuɗin ajiya a tashar ruwa yana tafiya, na tiranzite da na duwan suna jiranka, jarinka kuma yana kwance cikin ƙarfe. Na ga mutumin da ya sayo kayan sallah, suka iso bayan an ci an shanye.

Da jarinka, kwantena guda ta fi ƙarfinka. Ka shiga haɗaka, inda ake biya bisa awon wurin da kayanka suka ci, kuma ka ware kuɗin hanya daban, kada ka taɓa su ko da farashin ya yi maka daɗi.

Tafiyata ta biyu na sayi fitilun sola. Samfurin da aka nuna mini a shago ya kwana yana ci. Da na buɗe kwali a kasuwar Katako ta Yamai, na ɗaga guda ɗaya na ji ta shafal, batirin ciki ƙarami ne. Wallahi ranar ban iya cin abinci ba. Tun daga nan kafin alƙalami kawai nake bayarwa, sauran sai na tsaya a sito na farke kwalin da ni na zaɓa.

Shawarata, tafiyar farko ka bi wani dattijo da ya san hanya, ka saka WeChat, manhajar saƙo da ƴan Sin ke amfani da ita, a wayarka tun daga gida, ka sayi kaya iri ɗaya tak wanda ka riga ka san masu karɓarsa a hannunka.