Amsa ga Sale kan zaɓuɓɓukan gano kuskure a kanel

Sale, ka tambaye ni waɗanne zaɓuɓɓuka za ka kunna a sashen Kernel hacking, inda zaɓuɓɓukan gano kuskure suke, kafin ka gina kanel na Linux, wato zuciyar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, da kuma ko kunna su duka zai sa injin ya yi nauyi. Yadda ake buɗe menuconfig, allon zaɓen saitunan kanel, da yadda ake gina kanel ba zan maimaita maka ba, domin wanda ya shekara biyu a shagona bai kamata ya jira a nuna masa wannan ba.

A shekarar 2017 wani ɗan kasuwa a nan Garwa, mai rumbunan shinkafa da sukari, ya ba ni aikin haɗa masa saba, wato babbar kwamfuta, da za ta riƙe lissafin shagunansa. Na gina masa kanel na musamman, kuma saboda ina son ya zama ƙarami sai na kashe CONFIG_KALLSYMS, zaɓin da ke sa kanel ya nuna sunayen ayyukansa a saƙon kuskure, sannan na goge fayil ɗin vmlinux da System.map, waɗanda da su ake gano sunan aikin da ke kowane adireshi, domin in samu wuri a faifaina. Bayan mako uku injin ya fara sandarewa kusan kowace la'asar. Abin da ya rage a allon shi ne jerin lambobin adireshi babu sunan aiki ko ɗaya, saman saƙon kuma ya riga ya wuce. Da na sake gina kanel ɗin, adireshin ba su dace da na farko ba, domin na canza gcc, manhajar da ake gina kanel da ita, a tsakani. Mutumin ya riƙe mini sefa dubu 350, ya kuma bi kasuwa yana cewa ban san aikina ba. Sai bayan wata biyu, da na kunna netconsole na tura saƙon zuwa wata kwamfuta, na ga harafin O a layin Tainted, alamar an loda direba, wato manhajar sarrafa wata na'ura, wanda ba na cikin kanel ba. Ashe ƙaninsa ne ya cusa wata na'urar Wi-Fi mai araha da direbanta. Ɗan kasuwar ya san da haka tun ranar farko, ya ɓoye mini, kuma har yau bai biya ni ko sisi ba.

Saboda haka CONFIG_KALLSYMS kada ka taɓa kashe shi. CONFIG_DEBUG_INFO, mai ƙara bayanan gano kuskure, yana kumbura vmlinux ƙwarai, amma ba ya rage saurin kanel mai gudana, don haka ka kunna shi, ka adana vmlinux da .config, fayil ɗin saitunan kanel, na kowane gini a wuri biyu tare da kwanan wata. Ka ƙara CONFIG_MAGIC_SYSRQ, mai ba ka damar aika wa kanel umarnin gaggawa ta maɓallan kwamfuta, ka tanadi netconsole ko wayar siriyal, kuma idan injin yana da wadatar RAM ka ware wa kdump, mai adana abin da ke cikin RAM idan kanel ya faɗi, rabonsa ta hanyar saitin crashkernel.

KASAN, mai kama kuskuren amfani da RAM, da PROVE_LOCKING, mai kama kuskuren makullan kanel, kuwa na teburin gwaji ne kawai. KASAN yana cinye kashi ɗaya cikin takwas na RAM, yana kuma bincikar kowane karatu da rubutu a ma'adana, don haka injin zai ja ƙafa. Abin da yake ba ni haushi da yaran yanzu shi ne, sai ku kunna komai saboda kun gani a wani bidiyo, sannan ku ɗauko perf, manhajar awon sauri, ku auna, ku zo kuna gaya mini wai kanel ɗin ba shi da sauri. Nauyin kayan binciken kuka auna. Idan awo kake so, ka gina kanel na biyu mai PERF_EVENTS da FTRACE, zaɓuɓɓukan awo da bin diddigin aikin kanel, ba tare da KASAN ba. OProfile, tsohon kayan awon da ka ambata, an cire shi daga kanel tun sigar 5.12 a 2021, kada ka ɓata lokaci kana nemansa.

Gobe da safe ka kawo mini .config ɗinka guda biyu, na gwaji da na awo, in duba su kafin ka taɓa injin kowa.