Na'ura ta ce da matsala, mai zuciyar kuma garau

Ɗana, jiya ka tambaye ni kan saurayin nan ɗan Daura mai neman aikin soja. Na'urar isiji, mai zana bugun zuciya a takarda, ta rubuta a saman takardarsa wai akwai matsala: bugu 54 a minti ɗaya, layin ST (ɓangaren zanen da ke biyo bayan tsinin kowane bugu) kuma ya ɗan ɗaga daga V2 zuwa V4, wato a wayoyin da ake maƙalawa a ƙirji. Ka ce ko a gaya masa zuciyarsa ta taɓu.

Kul! Na'ura lissafi ta iya, ba ta ga mutumin ba. An koya maka bugun lafiya 60 zuwa 100 ne a minti, haka ne, amma wanda ya saba gudu ko noma, zuciyarsa kan yi hamsin da 'yan kai yana kwance, lafiya lau. Ɗagawar ST ɗin nan mai lanƙwasa kamar bakin ƙwarya kuwa ta yi yawa a samarinmu baƙar fata. Haka siririn yaro, layukansa kan yi tsawo har na'ura ta ce zuciya ta yi kauri, alhali naman ƙirji ne babu.

Kafin ka zargi zuciya, zargi hannunka. Takarda tana tafiya a milimita 25 cikin daƙiƙa? V1 da V2 suna tsakanin haƙarƙari na 4 da na 5, ko ka ɗora su can sama don sauri? In ka duba layukan da wayoyin hannu da ƙafa ke zanawa, ka ga layin I ya kife, layin aVR ya miƙe, to wataƙila wayoyin hannun dama da hagu ka musanya. Ni ma na taɓa yi ina sabon shiga, na sha faɗa. Ga hunturun Katsina: mutum yana karkarwa, takarda ta cika da zane-zane. Rufa masa bargo, ka sake.

Sai ka ƙirga gidajen da ke jikin takardar. Ƙaramin gida daƙiƙa 0.04 ne. Ga mai lafiya, PR (daga farkon ƙaramin tudu zuwa farkon tsinin bugu) gida 3 zuwa 5, QRS (faɗin tsinin kansa) ƙasa da gida 3.

Inda ba na wasa shi ne in an zo da ciwon ƙirji da gumi, ko suma, ko dattijo mai hawan jini, ko mai jego da haki da kumburin ƙafa. Ciwon zuciyar bayan haihuwa sananne ne a ƙasar Hausa. Irin waɗannan, ko ɗigo ka gani, ɗauki takarda ka kai wa likita a guje.

Hukunci dai na likita ne. Saurayin nan, tambaye shi ko ya taɓa suma, ko wani nasa ya rasu farat ɗaya da ƙuruciya. Ka sake masa gwajin da safe, ka kawo mini takardun biyu.