Ga mai Camry 1999: kar ka ƙara gas karo na uku tukuna

Wa alaikumus salam. Malam, sannu da fama. Na karanta tambayarka har sau biyu: Camry ce ƙirar 1999, in ka hau titin Kaduna AC na sanyi kamar firji, amma da ka shigo gari ka maƙale a cunkoson PZ ko Kwangila a nan Zariya sai ta koma hura maka iskar ɗumi, kuma an zuba mata gas sau biyu tun bayan sallah, kowanne bai rufa wata ba ya gudu. Ni ba mai gyaran AC ba ne, malamin makaranta ne a Samaru. Amma shekara 11 ke nan ina fama da tsohuwar mota, kuma kuɗin da AC ta ci mini ya koya mini karatun dole.

A ganina ciwo biyu ne ke damun motarka, kuma ƙarin gas ba ya maganin ko ɗaya.

Bari in fara da na gas ɗin, don a nan aka fi cin kuɗin mutane. Gas ɗin AC ba fetur ba ne, ba ya ƙonewa. Zagaye yake yi a cikin tiyo a rufe, daga kwampreso mai tura shi zuwa kwandansa mai fitar da zafi, ya wuce diraya mai tsotse danshi da bawul mai rage matsi, ya shiga ibaporeta da ke cikin dashbod inda sanyi ke fitowa, ya sake dawowa. In ya ragu cikin sati uku, to akwai inda yake zurarewa. Ni sau huɗu wani mai gyara yana zuba mini, kullum maganarsa ɗaya: "Oga, zafin Zariya ne ke shanye shi." Na yarda, don lokacin watan Afrilu ne, rana kamar ta dafa mutum. Sai da na kai wa wani dattijo a Sabon Gari. Bai ko taɓa tukunyar gas ba. Ya buɗe bonet, ya bi tiyo ɗin da yatsa a hankali, har ya zo wani mahaɗi kusa da kwampreso inda ƙura ta daskare baƙi ƙirin, tana maiƙo. Ya nuna mini yatsan ya ce, "Ka ga wannan? Man kwampreso ne. Inda mai ya fito, nan gas ya bi." Ya shafa kumfar sabulu a wurin, sai ga ƙwayoyin kumfa suna tasowa ɗaya bayan ɗaya. Ashe wani ɗan zoben roba ne da bai kai zoben yatsa girma ba, ya bushe ya tsage.

Kai ma kana iya wannan binciken a gida. Ka duba duk mahaɗan tiyo, da fuskar kwandansa inda tsakuwa ke dukanta, da bakin kwampreso, da bawul biyun da ake zuba gas ta nan, don su ma suna yoyo in sun tsufa. In waje duk a bushe yake, zargi ya koma kan ibaporeta, wannan kuwa aikin cire dashbod ne, kar ka yarda a kwance shi sai an gwada an tabbatar.

In an toshe yoyon, a tsaya a yi zubin yadda ya kamata. A fara zuƙe iskar da ke ciki da inji na aƙalla minti 30, a rufe, a ga ko allurar gejin awon matsi za ta motsa. In ta motsa, da sauran rami. Wasu masu gyaran bakin titi ba sa wannan, alhali danshin da ya rage a ciki shi ke daskarewa ya toshe bawul, ya kuma ci ƙarfen daga ciki. Sannan gas awo gare shi. Akwai takarda manne a ƙarƙashin bonet da ke faɗin nau'insa da giram nawa motar ke ɗauka. Taka R134a ce, kamar kusan duk motocin zamaninta, da aka ƙera bayan an daina tsohon gas R12 a tsakiyar shekarun 1990 saboda yarjejeniyar Montreal ta 1987. Kar a zuba maka R22 na AC ɗin gida, matsinsa ya fi ƙarfin na mota. Kar kuma ka ce a "cika shi sosai" don ya ƙara sanyi. Gas in ya yi yawa sanyin raguwa yake yi, kwampreso kuma ya sha wahala.

To, ciwo na biyu, wato sanyi a kan hanya, ɗumi a tsaye. Wannan kusan kullum maganar kwandansa ce, wannan mai kama da lagireto da ke gabansa. Aikinta fitar da zafi. In kana gudu, iskar hanya na yi mata fifita kyauta. In ka tsaya, fanka kaɗai ta rage mata. Gobe da safe ka tada mota, ka kunna AC, ka buɗe bonet ka tsaya ka kalli fankokin. Ya kamata su tashi, su yi gudu da ƙarfi har ka ji iskarsu a hannu. In ɗaya ba ta juyawa, ko tana juyi kamar mai jin barci, ka fara da fiyus da rile, su ne masu araha, kafin a kai ga injin da ke juya fankar. Ka kuma haska tocila tsakanin kwandansa da lagireto. Tawa da aka raba su bayan hunturu, abin da ya fito ya ba ni kunya: ƙura ta zama kamar tabarma, ga gashin kaza, ga guntun leda. Ruwan tiyo marar ƙarfi ya isa wankewa. Ka ja kunnen yaran wankin mota kar su matso da injinsu kusa, yana kwantar da siraran haƙoran aluminiyam ɗin.

Akwai wani abu da ke kwaikwayon wannan ciwon, na kuma sha ganin an canja kwampreso mai lafiya saboda shi. Kulochin gaban kwampreso da maganaɗisu yake kamawa, kuma tazarar da ke tsakanin farantin tsakiya da fulin da fambel ke juyawa bai kamata ta wuce kamar rabin milimita ba. In ya cinye da tsufa, da safe zai kama, ka ji "ƙas", amma in inji ya ɗau zafi sai ya saki. Ran da ta koma ɗumi, ka faka ka leƙa: in fambel na juya fuli amma farantin tsakiya a tsaye yake, to nan ne, ko kuma gas ya yi ƙasa har suwic ɗin matsi ya yanke wuta. Maganin tazarar sau da yawa cire ɗan siririn wosha ɗaya ne. Amma don Allah kar ka bari a haɗa kwampreso kai tsaye da batir. Suwic ɗin da ake tsallakewa shi ke hana shi aiki babu mai, kuma in ya niƙe ya watsa garin ƙarfe a cikin tiyo, sai an wanke layin gaba ɗaya an canja diraya da bawul, wani lokacin har kwandansa. In ba haka ba, kwampreso ɗan Beljiyam ɗin da ka sa ba zai ga damina ba.

Ruwan da ka ce yana ɗiga a ƙarƙashin mota kuwa, ba komai ba ne, gumin ibaporeta ne. Sai in ya fara jiƙa ƙafar mai zaman gaba, shi ne tiyon fitarsa ya toshe.

Ka duba fankokin nan tukuna, ka ɗauko mana hoton duk inda ka ga maiƙo a jikin tiyo, sai mu ga ta inda za a fara.