Yadda Ake Auna Juriyar Alkama ga Cutar Zanen Ganye

Ɗana, ka tambaye ni dalilin da ya sa irin alkamar da aka ce yana da juriya ya fito da zane-zane a ganye kamar sauran, kuma feshin da aka yi bai tsayar da cutar ba. Amsar feshin ita ce mai sauƙi: maganin da aka fesa, wanda ke kashe cutar tsatsa ta alkama, an yi shi ne domin fangas, wannan cuta kuwa bakteriya ce mai suna Xanthomonas translucens ke haddasa ta, saboda haka maganin ba ya taɓa ta.

Alamarta ta farko dogayen layuka ne tsakanin jijiyoyin ganye, masu kama da jiƙewar ruwa, waɗanda haske ke ratsawa idan ka ɗaga ganyen ka duba shi da rana. Da safe, idan akwai raɓa, za ka ga ɗigo mai danƙo kamar zuma a kansu, daga baya layukan su bushe su koma ruwan ƙasa. Idan ta hau zangarniya sai ƙaiƙayin ya yi baƙi, ko da yake ba kowane baƙin ƙaiƙayi ne cuta ba, domin wasu nau'o'in da ke jure tsatsar kara sukan yi wannan duhun bisa halittarsu.

Game da juriya kuwa, har yanzu ba a sami irin da cutar ba ta kama shi sam. Abin da ake da shi juriya ce mai mataki-mataki, wadda ƙwayoyin gado da yawa ke haɗuwa su samar, shi ya sa masu bincike ke ba kowane iri maki daga 1 zuwa 9 maimakon su ce ya kamu ko bai kamu ba. Kada ganyen ƙasa ya ɗauke maka hankali. Ka dubi ganyen ƙarshe na sama bayan fitar zangarniya, domin shi ne ke ciyar da tsaba, ka ƙiyasta kashi nawa cikin ɗari na faɗinsa ya mutu. Asarar amfani yawanci ba ta wuce kashi 10 ba, amma a iri mai rauni cikin zafi da laima tana iya kaiwa kashi 40.

Kada kuma ka yanke hukunci da shekara ɗaya ko gona ɗaya. Iri mai saurin nuna yakan bayyana kamar ya fi rauni alhali ya riga sauran girma ne kawai, shekarar da ba ruwa kuma kowane iri yakan yi kyau. Ka shuka wanda ka san rauninsa a gefe domin gwaji, ka kwatanta su a mataki ɗaya na girma.

Tun da cutar tana bin tsaba ne, kada ka ajiye tsabar gonar da ta kamu domin shuka, kuma ka rage ban ruwa na yayyafi wanda ke barin ganye a jiƙe tsawon dare.